Tebura 20 da Furen Takarda 300: Nazarin Wani Shirin Adon Biki

Asalin lamarin: saura wata 9

Mutanen biyu da wannan nazari ya shafa, waɗanda za a riƙa kira ango da amarya domin sauƙin bayani, dukansu ma'aikata ne masu fita da safe su dawo da yamma. An tsayar musu da ranar biki saura wata 9, suka gayyaci mutum 160, suka kama ɗakin taro mai tebura 20, kowane tebur yana ɗaukar mutum 8. A lissafinsu na farko sun ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin bikin gaba ɗaya domin furanni da adon wuri. Da suka nemi farashi wurin masu sana'ar fure guda 3, mafi rangwame a cikinsu ya kai kusan kashi 25 cikin 100, wato ya haura ninki biyu na abin da suka tanada.

Amarya tana da hannu a ɗinki da saƙa, kuma ta daɗe tana tara hotunan adon da take so. Da ta duba farashin fure a wurin dillalai ta ga bai kai rabin abin da masu sana'ar suka faɗa ba, sai suka yanke shawarar su yi komai da kansu. Ba su tambayi abin da ya cike sauran rabin farashin ba a lokacin, wanda ya haɗa da ladan aiki, da ɗakin sanyi, da jigila, da asarar furen da kan lalace kafin ya kai hannun mai saye.

Shirin farko: saura wata 8 zuwa 6

Shirin da suka rubuta ya ƙunshi abubuwa huɗu. Kowane tebur zai sami babban adon ɗanyen fure mai wardi 12 da furannin haidiranjiya da lili, a soke cikin soson fure, wato soson da ake jiƙawa da ruwa a soke karan fure a cikinsa. Za a lulluɓe wata ƙofar ado mai lanƙwasa da ɗanyen fure daga ƙasa har sama. Amarya za ta ɗaura damin furen da za ta riƙe da na ƙawayenta 6 da hannunta. Sannan bayan kujerun ango da amarya za a kafa bango mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2.4, a rufe shi ruf da furen takarda guda 300.

Sun tsara cewa za a fara da na takardar tun da ba ya lalacewa, ɗanyen furen kuwa a karɓe shi ranar Alhamis, a haɗa ranar Juma'a da daddare, a yi biki ranar Asabar. Babu wani wuri a takardar shirin da aka rubuta yawan awannin da kowane aiki zai ci, sai dai ƙiyasin da amarya ta yi da ka cewa furen takarda ɗaya ba zai wuce minti 10 ba, wato awa 50 ke nan jimilla.

Furen takarda: saura mako 26 zuwa 12

An fara aikin takardar saura mako 26, da takarda mai tamoji wadda ake kira kirif, da waya siririya, da bindigar gam. Amarya da ƙanwarta suka riƙa zama sau biyu a mako, kuma idan aka haɗa lokacin da su biyun suke bayarwa bai wuce awa 4 a mako ba, domin akwai aikin ofis da sauran hidimomin biki. Bayan mako 8 aka ƙirga abin da aka yi, aka tarar da fure 75. Da ango ya raba awannin da yawan furen, sai ya ga kowanne yana cin kusan minti 25. Sauran 225 za su buƙaci kusan awa 94, alhali abin da ya rage musu a kan wannan tafiyar, idan ana so a kammala saura mako 2, awa 64 ne kawai.

A wannan ƙirgar ce kuma aka gano cewa 20 daga cikin 75 ɗin ba za su yi amfani ba. An cusa wasunsu cikin babbar leda sun tauye, wasu kuma an jera su kusa da taga, rana ta ci launinsu har jan ya koma wani kala mai kama da ƙasa. Takardar kirif tana koɗewa a hasken rana, kuma idan ruwa ya taɓa ta launinta yakan zuba ya ɓata abin da ke kusa.

Gyaran da suka yi iri biyu ne. Na farko ya shafi yadda ake aikin. A da kowace mace takan fara fure ɗaya tun daga yanka har zuwa mannawa kafin ta ɗauki wani. Sai suka yanka samfurin ɓaren fure, wato ɗaya daga cikin filla-fillan da ke haɗuwa su zama kan fure, a kwali mai kauri, suka riƙa ninke takardar riɓi 6 suna yanke ɓarori da yawa a lokaci guda, aka ware zama ɗaya na yanka kawai, wani na lanƙwasa ɓarorin, wani na mannawa. Sun kuma lura cewa tamojin takardar yana da layi, kuma dole layin ya bi tsawon ɓaren daga gindi zuwa baki, in ba haka ba ɓaren ba ya karɓar lanƙwasa, sai ya faɗi a kwance. Da wannan tsari lokacin ya sauko zuwa minti 15. Gyara na biyu ya shafi bangon kansa. Aka fasa rufe shi gaba ɗaya, aka lulluɓe shi da farin yadi, aka tattara furannin a kusurwar sama ta dama da ta ƙasa ta hagu, wanda ya mai da buƙatar zuwa 140. Tun da akwai 55 masu kyau a hannu, sauran 85 suka ci kusan awa 21, aka gama saura mako 12. An adana su cikin kwalaye, jeri ɗaya a kowane kwali, a ɗaki marar danshi.

Gwaji na farko da ɗanyen fure: saura mako 10

Abin da ya faru da takardar ne ya sa ango ya dage a gwada ɗanyen furen ma kafin a ba dillali kuɗin babban kaya. Suka sayo wardi 50, haidiranjiya 10 da lili 10, suka karɓa ranar Alhamis, suka ɗauki Asabar mai zuwa tamkar ranar biki.

An datse karan furannin da almakashin ɗinki, aka zuba su cikin bokitai biyu na gida da aka ɗauraye da ruwa kawai, ba a cire ganyen da ya nutse ba. Bokiti ɗaya ya kwana a ɗakin girki kusa da kwandon ayaba da tuffa, sauran furen kuma aka tura shi cikin firjin gida. Ranar Juma'a da daddare amarya ta jiƙa soson fure ta hanyar danna shi cikin ruwa da hannu domin ya yi saurin sha, ta haɗa adon tebur guda 3, ango yana riƙe da agogo. Kowanne ya ci minti 40 a matsakaici, wanda ke nufin tebura 20 za su ci awa 13 da minti 20, ba a ma taɓa ƙofar ado da damin amarya ba.

Da gari ya waye Asabar, wardi 19 daga cikin 50 sun sunkuyar da kai, wuyansu ya lanƙwashe dab da gindin furen tun ba su gama buɗewa ba. Waɗanda suka jingina da bangon firji ta baya ɓarorinsu sun yi ruwa-ruwa sannan suka yi baƙi. Haidiranjiya ta yi yaushi cikin soson kafin azahar. Lili kuwa ko ɗaya bai buɗe ba, sai ranar Talata suka fara buɗewa, kuma garin da ke kan zaren tsakiyarsu ya zuba a farar shimfiɗar tebur ya bar tabon da wanki biyu bai fitar ba.

Neman sanin dalili: saura mako 9

Amarya ta ɗauki hotuna da ragowar furannin ta koma wurin ɗaya daga cikin masu sana'ar da suka ba su farashi tun farko, wata mata da ta daɗe a aikin, ta biya ta kuɗin awa ɗaya domin shawara kawai. Matar ta tsaga karan wardi ɗaya ta nuna mata bakinsa da ya tauye ya yi yauƙi, ta bayyana mata cewa ƙishirwa ce ta kashe furen duk da yana tsaye cikin ruwa.

Bayanin yana da tushe a yadda kasuwar take tafiya. Yawancin wardin da ke yawo a kasuwannin duniya ana noma shi ne a ƙasashe irin su Kenya, Habasha, Kolambiya da Ekwado, kuma mai yawa daga cikinsa yana bi ta kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer a ƙasar Holan kafin ya watsu. Yakan yi kwanaki kwance cikin kwali ba ruwa, bakin karan ya bushe, iska ta shiga ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi zuwa sama. Saboda haka idan ya iso dole a sake yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙasan karan, a karkace, da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, a tsoma shi cikin ruwa nan take. Almakashi marar kaifi yana matse hanyoyin. Ganyen da ya nutse kuwa yana ruɓewa, ƙwayoyin bakteriya su yawaita, su toshe abin da ya rage, sai wuyan furen ya faɗi domin nan ne mafi laushi a jikin karan.

Kwandon 'ya'yan itacen ma yana da nasa laifin. Ayaba da tuffa idan suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke gaggauta tsufan fure. Firjin gida kuma ba daidai yake da ɗakin sanyin masu fure ba, inda ake riƙe wardi a tsakanin digiri 1 zuwa 4 tare da danshi mai yawa. Na gida iskarsa busasshiya ce, bangonsa na baya yana iya daskarar da abin da ya taɓa shi, kuma sau da yawa akwai 'ya'yan itace a ciki. Game da soson, ƙa'idarsa ita ce a ɗora shi a kan ruwa a bar shi ya nutse da kansa, domin idan aka danna shi waje ne kawai ke jiƙewa, cikinsa ya zauna a bushe, kuma cikin ne karan yake shiga. Wannan soso, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1954, roba ce da ba ta ruɓewa, kuma masu sana'a da yawa sun fara komawa ga ragar waya da ruwa a madadinsa. Haidiranjiya tana daga cikin furannin da suka fi kowanne shan ruwa da saurin yaushi, lili kuma da aka saya a rufe yakan ɗauki kwana 4 zuwa 7 kafin ya buɗe, sannan akan cire masa zaren garin da zarar ya buɗe.

Gwaji na biyu: saura mako 7

A wannan karon aka sayo wardi 30 da wasu nau'o'in fure biyu, kaneshon 20 da kirisantimom 20, aka fasa haidiranjiya da lili. An wanke bokitai da sabulu da ɗan bilic, an cire duk ganyen da zai shiga ruwa, an sake yanke karan da almakashin lambu sabo, an zuba garin abincin fure daidai da ma'aunin da ke jikin ledarsa. Wannan gari abu uku ne a haɗe: sukari da ke ciyar da furen, ɗan tsami da ke sauƙaƙa hawan ruwa, da maganin da ke hana bakteriya yawaita. Aka ajiye bokitan a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda ma'aunin zafi ya nuna digiri 18 zuwa 20, aka rufe labule, aka fitar da duk wani ɗan itace. An karɓi kayan ranar Laraba maimakon Alhamis domin wardin ya sami kwana 3 na buɗewa.

Ranar Asabar wardi 2 ne kawai suka sunkuya. Kaneshon da kirisantimom ba su nuna wata alamar gajiya ba, aka ci gaba da lura da su ana canza musu ruwa, suka kai kwana 12. An kuma gwada wani salon ado marar soso, wato ƙananan kwalabe 3 masu tsayi daban-daban a tsakiyar tebur, a raba musu kara 7 da ɗan ganyen yukaliftus. Ƙanwar amarya, wadda ba ta taɓa haɗa ɗanyen fure ba, ta gama tebur ɗaya cikin minti 8.

Sabon tsari: saura mako 6

A makon ne ango ya zauna ya karanta yarjejeniyar ɗakin taron daga farko har ƙarshe, abin da bai yi ba ranar da ya sa hannu. Ya tarar ba za a buɗe musu wurin ba sai saura awa 3 a fara biki, an hana buga ƙusa ko manna wani abu a bango, kuma dole a kwashe komai a daren. Shirin farko ya dogara ne a kan shiga wurin tun ranar Juma'a.

Aka sake rubuta shirin. Kowane tebur zai sami wardi 2, kaneshon 3 da kirisantimom 2, wato kara 140 cikin kwalabe 60, aka ƙara kashi 15 cikin 100 a kan abin da aka nema wurin dillali saboda wanda zai iso a lalace. Damin amarya da na ƙawayenta da ƙaramin furen da ango zai maƙala a ƙirji aka ba matar nan mai sana'a, domin su ne ke yin awanni a hannu ba ruwa, su ne kuma suka fi fitowa a hoto. Ƙofar ado aka fasa mata ɗanyen fure, aka naɗe ta da yadi da ganyen yukaliftus, wanda ke jure rashin ruwa na yini guda. Bangon takarda aka yi masa firam da bututun roba mai tsayawa da ƙafafunsa, da buhunan yashi biyu da za su danne shi, aka raba shi gida uku domin ya shiga mota. An rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowane aiki na ranar biki, kuma babu sunan ango ko na amarya a jerin.

Makon biki

Kayan sun iso ranar Laraba da hantsi. A ɗauri ɗaya na wardi an sami kawuna 6 masu ɗigo-ɗigo launin ruwan ƙasa da wata fumfuna mai launin toka, aka ware su aka zubar nan take domin tana yaɗuwa, ƙarin da aka saya ya cike gurbinsu. Wata ƙawa ta so a zubar da wasu saboda ɓarorinsu na waje sun yi kauri da duhu, ƙanwar amarya ta hana, domin ta koya cewa waɗannan ɓarorin kariya ne da ake barin su saboda hanya, a tsinke su a rana ta ƙarshe. Ranar Juma'a da yamma mutum 4 suka cika kwalabe 60 cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, suka jera su cikin akwatunan roba masu raba-raba, ruwan kowace kwalba rabi domin kada ya zuba a hanya.

Ranar Asabar an sami matsala guda biyu. Motar da ta ɗauko bangon takarda ta iso da wuri, ta tsaya cikin rana da gilasai a rufe kusan awa 2 tana jiran a buɗe ƙofa, gam ɗin ya yi laushi, fure 9 suka ɓalle. An mai da su da waya da fil daga akwatin gyara da aka tanada, aikin ya ci minti 20 cikin awa 3 ɗin da ake da su, kuma an kammala komai saura minti 35. Ta biyu ta zo ne da daddare. Jerin ayyukan ya tsaya a kan kafawa, ba a sa kowa ga kwashewa ba, sai yayan amarya da abokinsa suka tattara kwalabe da firam bayan baƙi sun watse, suka wuce lokacin da aka ƙayyade, aka cire wani ɓangare na kuɗin ajiyar da aka bari a wurin. Furannin tebur sun tsaya har ƙarshen taro ba wanda ya yi yaushi.

Abin da lissafi ya nuna, da dalilinsa

Da aka haɗa komai, har da gwaji biyu da kuɗin shawara da ladan mai sana'a da abin da aka cire daga kuɗin ajiya, adon ya ci kashi 13 cikin 100 na kuɗin bikin. Ya haura abin da aka ware, amma ya tsaya kusan rabin farashi mafi rangwame da aka ba su. Awannin da iyali suka bayar sun haura 60, kuma ba a sa su cikin wannan lissafi ba.

A ganina kuskuren shirin farko shi ne an auna shi da kuɗi kawai, ba a auna shi da lokaci ba, kuma an ɗauki ayyuka iri biyu tamkar iri ɗaya. Furen takarda yana da haƙuri, ana iya yin kuskure a kansa saura mako 18 a gyara. Ɗanyen fure kuwa duk aikinsa yana matsewa ne cikin kwana 3 na ƙarshe, daidai lokacin da ango da amarya suka fi ƙarancin sarari, kuma shirin ya ɗora musu fiye da awa 13 a dare guda a wurin da ma ba za a buɗe musu ba. Gwanintar amarya a aikin hannu ba ta taimaka a nan ba, domin abin da ya kashe wardin ya faru ne a bokiti tun kafin ta fara haɗawa.

Gwajin farko ne ya fi kowane mataki amfani, duk da an yi asarar kusan duk abin da aka saya dominsa, saboda an yi shi da agogo a hannu kuma a kan ainihin jerin kwanakin da za a bi. Da an jinkirta shi zuwa saura mako 2, da babu sararin gwaji na biyu ko na samun mai sana'ar da ba a riga an kama ta ba. Sauya nau'in furen ya biyo baya a muhimmanci, tun da kaneshon da kirisantimom suna yafe ƙananan kurakuran da wardi da haidiranjiya ba sa yafewa. Karanta yarjejeniyar wurin kuwa ya zo a makare ƙwarai, kuma sa'a ce kawai ta sa bangon takardar ya karɓi firam ba tare da an sake shi ba. Matsaloli biyu na ranar Asabar duka sun faɗo ne a wuraren da ba a taɓa gwadawa ba, wato jigila da kwashewa, domin gwaje-gwajen biyu an yi su ne a cikin gida, kuma dukansu sun tsaya a daidai lokacin da aka ɗora fure a kan tebur.